Muryar da ba ta da mazauni: tafiyata daga Tawa zuwa Yamai

Takardar gayyata ta iso mini a farkon watan Nuwamba na 2025, lokacin da manoman Adar suka gama ɗaure dammunan hatsi, makiyaya kuma suka fara gangarowa daga arewa suna jiran ranar da hukuma za ta ce a saki gonaki. An nemi in je Yamai in yi aikin tafinta na kwana uku a wani taro na manoma da makiyaya da sarakunan gargajiya, inda za a tattauna batun burtali da rijiyoyin shayarwa da ɓarnar da dabbobi kan yi a gona. Na shafe fiye da shekara ashirin ina wannan sana'a tsakanin Hausa da Tamashek da Faransanci, a zauren sarki da gidan rediyo da gindin itace, saboda haka ban zaci akwai wani abu game da kunne da murya da yaron da aka haifa a gabana zai koya mini ba.

Na yanki tikiti tun da yamma a kan jika goma, wato sefa 10,000, muka tashi daga Tawa bayan sallar asuba, sanyin hunturu yana shigowa ta kafar tagar da ba ta rufuwa sosai. Daga Tawa zuwa Yamai kusan kilomita 550 ne, kuma sashen farko na hanyar ba shi da abin ba da labari: Badagishiri, sai Tsarnawa inda ake hawa babbar hanyar da ta taso daga Damagaram da Maraɗi, sai Birnin Ƙonni, inda muka karya kumallo da shayi da burodi a tsakiyar ƴan canji masu damin naira a hannu, tun da Illela ta Najeriya tana nan kusa. Abin da ya kamata in ambata shi ne yadda cikin motar yake, domin daga baya ya zame mini darasi. A bayana akwai wani dattijo mai rawani da ya fito daga wajen Abalak, yana magana da jikansa da Tamashek. A hagu wasu mata biyu ƴan kasuwa suna lissafin bashi da Zabarmanci. A gaba kuma wani matashi ya saki wa'azi a wayarsa. Ban waiwaya ko sau ɗaya ba, amma na san wa yake magana, na san inda yake zaune, kuma in na ga dama sai in bar wa'azin in bi hirar dattijon, ko in bar dattijon in saurari mata. A lokacin ban ɗauki wannan wani abu ba, domin kowa da shi aka haife shi.

An tsayar da mu a shingaye da dama, kuma tsarin bai canza ba: a sauka, a miƙa katin ɗan ƙasa, a taka da ƙafa zuwa gaba, a jira a kira suna. A shingen da ke kafin Dogon Dutsi ne dattijon nan ya shiga matsala, saboda katinsa ya tsufa har hoton ya dushe, jami'in kuma ba ya jin Tamashek, shi kuwa dattijon Hausarsa ba ta wuce ta ciniki ba. Na matsa na tsaya dab da kafaɗarsa ta dama na ce, "Baba, ku faɗi abin da ke bakinku, ni zan isar." Ya kama hannun rigata ya riƙe har aka gama. Na lura jami'in bai dube ni ba ko kaɗan, idonsa yana kan dattijon, ko da yake daga bakina Hausar take fitowa, domin muryata tana tasowa daga inda mai maganar yake tsaye. Haka aka koya mana aikin tun farko: tafinta yakan tsaya gefen mai magana, in ɗayan ya karɓa sai ya juya ko ya matsa, jikinsa ya nuna wa yake ara wa baki. Aka mayar masa da katinsa tare da gargaɗin ya sabunta shi, muka wuce.

A Doso na ci shinkafa da miya ta dala ɗari, muka yi azahar, daga nan barci ya ɗauke ni har muka wuce Kure ban ga raƙuman dawan da ake zuwa kallo ba. Mun shiga Yamai bayan la'asar. Na sauka gidan ƙanwata a Bukoki, ɗan taksi ya karɓi dala sittin, aka shimfiɗa mini tabarma da katifa a ɗakin babban ɗanta, wanda ya karanta ilimin kwamfuta a jami'a, yanzu kuma yake ɗaura lasifika da makirufo a wuraren taro. Ashe shi ne ɗaya daga cikin waɗanda aka ɗauka su kula da sauti a taron da na zo dominsa. Da dare aka kawo dambu da zogale, wanda Zabarmawa ke kira kopto, an sa masa ƙuli-ƙuli da albasa da mai, na ci har na manta da gajiyar hanya, ko da yake zafin Yamai a watan Nuwamba ya fi na Tawa nauyi saboda damshin kogi.

Washegari aka kai mu zauren taro, aka zuba mu bibbiyu a cikin ƴan ɗakunan gilashi da mu tafintoci muke kira akurki. Kowane mahalarci an ba shi abin sawa a kunne, wanda muke ce wa kas, da ƴar na'ura mai maɓallin zaɓen harshe: Faransanci, Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamashek. Wannan tsari na fassara nan take ya samo asalin shahararsa ne daga shari'ar Nuremberg ta 1945, inda aka yi aiki da Ingilishi da Faransanci da Rashanci da Jamusanci da kayan kamfanin IBM, har da fitila mai ruwan ɗorawa da ke ce wa mai magana ya sassauta, da ja mai cewa ya tsaya. Shekara tamanin ke nan, wayoyi sun ragu, na'urori sun ƙanƙance, amma abu ɗaya yana nan yadda yake: duk wanda ya yi magana a zaure, ko na gabas ne ko na yamma, namiji ne ko mace, ta murya ɗaya yake isa ga mai sauraro, kuma muryar ba ta gaba ba ta baya, a tsakiyar kai take zaune. Ƙari a kan haka, ƙa'idar akurki ita ce tafinta ya ce "ni" a madadin mai magana, ba ya cewa "ya ce" kamar yadda muke yi a fada.

Da hantsi wannan ƙa'ida ta kusa haddasa rigima, kuma ta bakina. Wani matashin ma'aikaci ya yi magana da Faransanci cikin zafi, ya ce duk manomin da ya shigar da gonarsa cikin burtali ya ci haƙƙin jama'a, bai cancanci diyya ba ko da garke ya share masa amfanin gona. Shi tafinta kullum yana bayan mai magana da ƴan daƙiƙoƙi, domin sai ya ji ma'ana ta cika kafin ya furta. Kafin in kai ƙarshen jimlar ma'aikacin da Hausa, ya riga ya zauna, wani dattijon makiyayi daga wajen Cintabaraden ya miƙe ya fara magana da Tamashek, kuma abin da yake faɗa gaisuwa ce da neman a zauna lafiya. Wani sarkin noma daga ƙasar Arewa, wanda yake sauraron tashar Hausa, ya ga bakin makiyayin yana motsi, kunnensa kuma yana jin ana cewa manomi bai cancanci diyya ba. Nan take ya fizge kas ɗin ya miƙe yana nuna dattijon da yatsa, yana cewa a gabansa ba za a zo daga daji a raina masu ƙasa ba. Shi kuwa bawan Allah ya tsaya baki buɗe, bai san laifinsa ba. Sai da na fito daga akurki na je gaban sarkin noman na durƙusa na ce, "Ranka shi daɗe, maganar ba tasa ba ce, ta wancan yaron ce, jinkirin nawa ne," sannan aka samu ya zauna. Amsar da ya ba ni ta tsaya mini a rai: "To Malam, mu da ba mu ganinka, ta ina za mu san wa ka magana?"

Da dare wuta ta ɗauke, muka fito tsakar gida, na ba ɗan ƙanwata labari ina ƙorafi. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Kawu, ku rufe ido." Ya ɗauki makullan babur ɗinsa yana zagaya ni yana kaɗa su, ya ce in nuna inda yake. Ban kuskure ba ko sau ɗaya. Ya tambaye ni yadda aka yi na sani, na ce ai kunne gare ni. Ya ce ba kunne ba, kunnuwa, kuma a nan maganar take. Sauti yana tafiya a iska kimanin mita 343 a daƙiƙa, saboda haka ƙarar da ta taso daga dama takan riga isa kunnen dama kafin na hagu da tazarar da ba ta kai kashi 1 cikin 1,000 na daƙiƙa ba, amma ƙwaƙwalwa tana auna wannan ɗan bambanci. Kai kuma yakan tare wani ɓangare na sautin, musamman siririn sauti mai kaifi, har ya isa kunnen da ke nesa a raunane. Lanƙwashe-lanƙwashen fatar kunne su ma suna canza sautin gwargwadon ko daga gaba ya fito ko baya, sama ko ƙasa. Da waɗannan abubuwa uku mutum yake sanin mazaunin kowace murya, kuma da su yake tsamo murya ɗaya daga cikin hayaniya. Ya ce tun 1953 wani masani a Birtaniya, Colin Cherry, ya gwada haka: in aka cakuɗa jawabi biyu na murya ɗaya aka zuba su tare a kunnuwa biyu, mai sauraro yakan sha wuya kafin ya raba su, amma in aka ba kowane kunne nasa, sai ya bi wanda yake so cikin sauƙi. Nan na tuna da motar da na shigo, da dattijon Abalak da mata masu lissafin bashi. Kas ɗin zauren taro kuwa abu ɗaya tak yake zuba wa kunnuwa biyu a lokaci ɗaya, wato yana ƙwace wa mutum wannan baiwa daidai lokacin da ya fi bukatarta.

Abin da shi da abokan sana'arsa suke kira sauti mai alƙibla shi ne a sa kwamfuta ta mayar wa murya waɗannan bambance-bambance kafin ta shiga kas, ta jinkirta ta kaɗan a kunne ɗaya, ta rage mata ƙarfi, ta gyara ta yadda fatar kunne za ta yi, har mai sauraro ya ji kamar daga wani wuri takamaimai take fitowa. Ya ce an daɗe ana amfani da dabarar a wasannin kwamfuta da kiɗa, amma a watan Afrilu na 2025 wasu masu bincike daga Jami'ar Washington ta Amurka, a ƙarƙashin Farfesa Shyam Gollakota, sun gabatar da ita a fagen fassara a wani taron masana da aka yi a Yokohama ta Japan. Sun ɗauki kas na kasuwa mai toshe hayaniya, suka ɗaura masa makirufo a kowane kunne, suka haɗa shi da ƙirƙirarriyar basira da ke gano mutum nawa ke magana a kewaye da kuma ɓangaren da kowa yake, ta ware muryoyinsu, ta fassara kowace ɗaya, sannan ta mayar da fassarar cikin kunne daga ɓangaren da mai ita yake, da kamannin muryarsa, ko da ya tashi ya canza wuri. Jinkirin yana tsakanin daƙiƙa 2 zuwa 4, kuma sun gwada ta ne daga Sifaniyanci da Jamusanci da Faransanci zuwa Ingilishi. Komai a cikin kwamfutar hannu mai ƙwaƙwalwar Apple M2 yake gudana, ba a tura muryar kowa ta intanet, saboda tsoron abin da za a iya yi da kwaikwayon muryar mutum. Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne yawancin waɗanda aka yi gwajin da su sun fi son jinkirin daƙiƙa 3 zuwa 4 a kan na daƙiƙa 1 zuwa 2, domin gaggawa tana ƙara kuskure. Wannan kuwa kowane tsohon tafinta ya san shi ba tare da an auna ba.

Na ce masa duk wannan na Turawa ne, mu ina ruwanmu. Ya ce rabin aikin ne nasu, wato fassarar inji, amma ɗaya rabin, ba murya mazauni, ana iya yin sa gobe da kwamfutarsa da tafintoci ƴan Adam. Ya nemi izinin masu taron, suka ba shi lokacin hutun rana a wani ƙaramin ɗaki. Mutum shida suka yarda su zauna a kewayen tebur, cikinsu har da sarkin noman jiya da dattijon da ya nuna wa yatsa, da wata hajiya shugabar mata masu sayar da nono, da wani ardo. Ni da abokin aikina muka zauna a bayan labule da makirufo, shi kuwa yaron yana gaban kwamfuta, duk wanda ya fara magana sai ya ja muryar tafinta ya ajiye ta a kujerar mutumin, ba ya ɗauke ta daga can sai jimlar ta ƙare. Ina leƙe ta gefen labule lokacin da Hajiya ta yi magana da Fulatanci daga hagun sarkin noma, abokin aikina ya mayar da Hausa. Kafin jimlar ta kai rabi sarkin noman ya juya kansa hagu ya dube ta, alhali muryar da yake ji ta namiji ce. Da dattijon Cintabaraden ya karɓa daga dama, na fara fassara, sai ya juya dama. Muka maimaita abin da ya faru jiya da gangan, wani ya fara magana kafin in gama ta wanda ya gabace shi, amma wannan karon idon sarkin noman ya tsaya kan mai maganar farko har na kai aya. Ya cire kas ɗin ya jujjuya shi a hannu, ya ce wa yaron, "Ɗana, yau kam na ga mai magana da kunnena."

Ba komai ne ya tafi daidai ba, kuma kurakuran sun fi nasarar koya mini abu. Ardo ya sa nasa kas ɗin a juye, na dama a hagu, sai ya riƙa amsa wa bango yana ba Hajiya baya, har aka yi ta dariya kafin a gane dalili. Dattijon Cintabaraden mai rawani kuwa kunne ɗaya kawai ya yarda ya buɗe, domin a al'adarsu namiji ba ya sassauta amawali a gaban baƙi, kuma da kunne ɗaya dabarar ba ta aiki ko kaɗan, haka ma ga wanda kunnensa ɗaya ya mutu. Akwai kuma matsalar juya kai: da zarar mutum ya waiwaya ya fuskanci mai magana, muryar sai ta bi kansa ta koma gefe, sai fa in kas ɗin yana da abin da ke auna motsin kai, irin wanda ake sa wa masu tsada. Sannan kas ɗin da aka raba a babban zaure ba sa iya ba kowane kunne nasa sautin daban, dole sai da yaron ya aro wasu daga abokansa. A tebur mai mutum shida ana iya bambance kujeru, amma a zaure mai mutum ɗari biyu, inda goma suke jere a layi ɗaya, ina shakkar kunne zai raba na uku da na huɗu.

A rana ta uku bayan an rufe taro ya ce sai ya nuna mini abu ɗaya kafin in tafi. Ya liƙa mini ƙananan makirufo biyu kamar ƙwayar gujiya a bakin kunnuwana, muka shiga kasuwar Katako muka zagaya tsakanin maƙera da masu katako da masu tura amalanke, daga nan muka gangara bakin kogi kusa da Gadar Kennedy, muka ci gasasshen giwan ruwa na jika biyu muna kallon masu jiragen ruwa da rana tana faɗuwa ta wajen Harobanda. Da muka koma gida ya sa mini kas ya kunna abin da aka naɗa. Ina zaune a kan tabarma a Bukoki, sai na ji mai amalanke yana ihu daga bayana ta dama, ban san lokacin da na kauce har na ture butar alwala ba. Ƙanwata ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Yaya, ashe tsufa ya fara." Gani ya kori ji, in ji masu iya magana, amma a ranar ji ne ya rinjayi gani.

Duk da haka ban bar Yamai da zumuɗin da yaron yake da shi ba, kuma na faɗa masa dalilaina a daren ƙarshe. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma suka zama harsunan aiki, wanda ke nufin bukatar fassara tsakanin Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Kanuri da Tamashek za ta ƙaru ne, ba za ta ragu ba. Hausa ta shiga Google Translate tun 2013, amma fassara rubutu daban, kama magana daga bakin mutum a tsakiyar hayaniya daban. Mu a Adar "tahi" muke cewa ba "tafi" ba, "mi" ba "me" ba, "shina zuwa" ba "yana zuwa" ba, kuma injin da aka horar da Hausar jarida da ta masu karanta labarai sai ya yi tuntuɓe a bakin tsohuwar Badagishiri. Ga kuma karin sauti da tsawon wasali da rubutunmu ba ya nunawa: a taron manoma, in aka ce fari ya cinye gona, dole a san ko rashin ruwa ake nufi ko ƙwarin da ke sauka kan hatsi, haka kuka ta miya da kukan jariri. Jinkiri ma ba ɗaya ba ne ga kowane harshe, domin Kanuri yakan ajiye aikatau a ƙarshen jimla kamar yadda Jamusanci kan yi a wasu jimloli, Tamashek kuwa da shi yakan fara, don haka mai fassara daga Kanuri dole ya fi jira. Kuma gwargwadon tsawon jiran, gwargwadon yadda mai sauraro yake bukatar abin da zai ɗaure maganar da mai ita, wanda shi ne ainihin amfanin ba murya alƙibla.

Abin da ya fi damuna shi ne kwaikwayon murya. Ni idan na yi kuskure, ana iya kirana a gaban jama'a in durƙusa in ce laifina ne, kamar yadda na yi a ranar farko, kuma muryata ita ce shaidar cewa akwai wani a tsakani. Amma in sarki ya yi magana da Hausa, inji ya fitar da ita da Tamashek cikin muryarsa, daga kujerarsa, kuma ya karkatar da kalma ɗaya a kan iyakar gona ko rijiya, mai sauraro zai rantse da kunnensa ya ji sarki ya faɗa. Saboda haka na ce masa, in da ni ake shawara, a ba fassarar mazaunin mai magana amma a bar mata wata alama da za ta nuna aro ce. Ya yi shiru, sannan ya ce bai taɓa duban abin ta nan ba. Batun kuɗi kuwa bai bukaci gardama ba, tun da kwamfutar da ake magana da kas ɗinta sun kai kuɗin bijimi mai kyau, ga wutar da ke ɗaukewa ana tsakiyar zama.

Na kamo hanyar gida da asubar rana ta biyar, shingayen suna nan inda na bar su, na sayi kilishi na jika ɗaya a Ƙonni domin yara, muka shiga Tawa ana kiran magariba. A aljihuna akwai ƙananan makirufon nan biyu da ƴar na'urar naɗar murya da yaron ya ba ni aro, bisa alkawarin zan riƙa naɗo masa Hausar Adar da Tamashek yadda ake yin su a kasuwa da bakin rijiya, in rubuta abin da aka faɗa kalma bayan kalma, kuma kada in naɗi kowa sai da yardarsa. Ranar Lahadi, ranar kasuwar Tawa, na fara da tsohuwar da nake sayen fura a wurinta tun ina saurayi. Na yi mata bayani iyakar iyawata, ta dubi abin da ke kunnena ta ce, "Wa za shi ji?" Na ce jikanta ne a Yamai, yana son ya koya wa inji maganar mutanen Adar. Ta ci gaba da dama fura ba ta ce komai ba, can ta ce ta yarda, amma in zauna ta damanta, domin kunnenta na hagu ya daɗe ba ya ji, kuma in bari sai ta sallami masu jira.